Yadda za ki rage ƙiba ba tare da kin bar burodi da taliya ba

Da zarar mace ta ce tana son rage ƙiba, shawarar farko da ake ba ta ita ce ta daina cin burodi da taliya. Ni ban yarda da wannan ba. A gidana da ke Tumfure, nan Gombe, tukunya ɗaya ake ɗorawa, abin da maigida da yara suka ci shi nake ci. Wadda ta haramta wa kanta abincin gidanta ba ta daɗewa take komawa, kuma da haɗama take komawa. Abin da ya yi mini aiki shi ne awo.

Ki auna taliya tun tana ɗanya. Babbar ledar taliyar kanti giram 500 ce, tana da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) wajen 1,750, ta kusa kai abin da jikin mace ke buƙata a yini guda. Ki raba ta gida shida, kashi ɗaya ne rabonki, kalori kusan 300. In ta dahu, rabon nan bai wuce dunƙulen hannunki da ɗan ɗori ba. Kada ki bari ta yi luguf, ki sauke ta da sauran ƙarfinta, don ta fi jinkirin narkewa a ciki, yunwa ba ta saurin dawowa.

Amma 'yar'uwa, babbar ɓarnar a wajen mai take. Ina matuƙar son taliya 'yar murji da manja da yaji, sai dai babban cokali ɗaya na mai, manja ne ko man gyaɗa, kalori 120 ne. Cokali uku sun zarce ita kanta taliyar da kika auna, kuma mai tsiyayawa daga kwalba tana wuce uku ba ta sani ba. Ki riƙa zubawa da cokali, ɗaya ya isa. Rabin farantin ki cika shi da kabeji, karas, alayyafo ko zogale, sannan ki haɗa da wake, tunda Allah Ya hore mana shi a ƙasar Gombe. Taliya da wake tana riƙe ni har la'asar, taliya zalla kuwa kafin azahar na fara leƙa kicin.

Indomie daban take, domin an soya ta tun daga kamfani, ga gishiri a sinadarinta. Ƙaramar leda ɗaya, rabin sinadarin, da ƙwai da ganye, kuma ba kullum ba.

Burodi kuma, kada ki ajiye shi gabanki kina gutsira. Ki yanka biyu, kowane kaurin yatsa, ki ɗaure ledar ki ɗauke ta daga wurin. Ki ci da dafaffen ƙwai ko alala maimakon bota. In kin samu na alkama da dusarta ya fi ƙosarwa, amma launin ƙasa-ƙasa kaɗai ba shaida ba ne, ki duba abin da aka rubuta a leda. Shayin ma ki sa masa ido: ƙaramin cokali ɗaya na sukari ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babban mutum ke sha ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, kuma har da na zoɓo da lemon kwalba a lissafin. Ranar da na karya da burodi, ba na cin taliya da dare.

Ki haɗa da tafiyar ƙafa mai sauri, minti 30 sau biyar a mako. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saukar da jiki ke ɗauka lafiya, kada ki matsa wa kanki fiye da haka. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai shan maganin ciwon sukari, don Allah ku ga likita kafin ku rage abinci, musamman mai ciwon sukari, domin sukarinta na iya faɗuwa ƙasa sosai in abinci ya ragu magani bai ragu ba.