Kada ka toshe ramin haƙa kafin ka saurari gefensa

Sandar dutsen da injin haƙa yake fito mana da ita a neman ma'adini, idan da bakin haƙa mai girman da ake kira NQ ake aiki, kaurinta bai kai santimita 5 ba. Ka nutsa mita 600, iyakar abin da idonka ya gani ke nan. Ma'adinin yana iya zama mita 40 a gefe, kai kuwa ka tattara kayanka ka ce babu komai. Shi ya sa ni ba na yarda a toshe rami sai na zura masa na'urar awo mai jiyo ma'adinin da ke gefensa ta hanyar lantarki da maganaɗisu.

Tun injin bai bar wurin ba, a saka bututun roba har ƙasa don kada ramin ya rufta. Na ƙarfe kuwa a zare shi, domin duk inda ya rage, awon wurin ya tashi a banza. A kuma auna karkatar ramin, don ba a miƙe yake tafiya ba. In dutsen yana da maganaɗisu kamfas zai yi maka ƙarya, sai dai na'urar jairo, wadda ke gane alƙibla ba tare da maganaɗisu ba. Kafin na'urar awon mai tsada ta sauka, a fara zura sandar gwaji. Gara ita ta maƙale.

Daga nan sai a shimfiɗa waya a doron ƙasa, a zagaye fili mai ɗaruruwan mita kowane gefe, a riƙa tura mata lantarki ana katsewa. Duk lokacin da aka katse, dutsen da lantarki ke bi ta cikinsa yakan riƙe shi na ɗan lokaci ya mayar da amsa, ita ce na'urar cikin ramin take ɗauka, tana tsayawa kamar kowane mita 10. Amsar da ta mutu nan take yawanci laka ce ko ruwan gishiri. Wadda ta daɗe tana ja, ita nake zauna wa, don haka dunƙulallen salfayid, wato ma'adini mai haɗe da farar wuta, mai nikel ko jan ƙarfe yake yi. Masu neman nikel a Sadbari ta Kanada sun daɗe suna dogara da wannan hanya.

Ka nace a kawo na'ura mai auna fuska uku. Mai fuska ɗaya za ta ce maka akwai abu kusa, amma ba za ta nuna maka gabas yake ko yamma ba. In da hali a matsar da wayar sama a sake awo, saboda dunƙulen ma'adinin da ya kwanta daidai da layin maganaɗisun da wayar ke haifarwa yakan yi shiru. Sai a zana shi a kwamfuta kamar faifai, da zurfinsa da jirkicewarsa, a saita sabon rami ya huda tsakiyarsa.

Na taɓa sa aka haƙa rami na biyu kan wata amsa mai daɗi, muka fito da girafait, baƙin dutsen nan na bakin fensir, wanda lantarki yake bi kamar salfayid. Tun ranar, kafin in sa hannu a kan sabon rami, sai na koma akwatunan sandar dutse na duba ko akwai baƙin da yake shafa a yatsa.