Yadda ake zuwa kallon sukuwa a Newmarket ta Ingila

Toh idan Allah ya kai ka Ingila kuma kai mai son doki ne, kar ka bari ka dawo ba ka leƙa Newmarket ba. Ƙaramin gari ne a yankin Suffolk kusa da Kambirij, tun kafin zamanin Sarki Charles na biyu, wanda ya hau mulki a 1660, ake sukuwa a wurin, shi kansa sarkin yana hawa ya yi tsere.

Abu na farko ka san wane fili za ka, domin biyu ne. Akwai Rowley Mile da ake amfani da shi a bazara da kaka, sunan daga laƙabin sarkin nan ya samo, Old Rowley, sai July Course na lokacin zafinsu. Ni dai shawarata ka nufi ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, lokacin manyan tsere biyu, 2000 Guineas da aka fara tun 1809 da 1000 Guineas ta 1814 wadda goɗiyoyi zalla ke yi. Dukkansu mil ɗaya ne, dawakin kuma 'yan shekara uku.

Tikiti ka saya ta intanet tun da wuri, ya fi sauƙi. Ba sai ka kashe kuɗi a ɓangaren 'yan kallo mai tsada da ake kira Premier Enclosure ba, ɓangaren Grandstand and Paddock mai sauƙin kuɗi ya ishe ka wallahi.

Daga Landan ka hau jirgin ƙasa a King's Cross zuwa Kambirij, bai kai awa ɗaya ba, sai ka canza zuwa wanda ke tafiya Ipswich ka sauka Newmarket bayan kamar minti 20. Amma ka duba jadawalin wannan na biyun sosai don ba ya yawan zuwa, in ya wuce ka sai dai ka zauna zaman jira. Ka ɗauki jaket ko da rana ta fito, filin fetal yake, iska ba ta da kunya a wurin.

In za ka iya kwana a garin, to da sassafe ka tafi Warren Hill, nan ne ake fito da dawakai motsa jiki layi-layi, ka ga tururi na fita daga hancinsu, ka ji ƙarar kofato tun kafin su iso, kuma kallon nan kyauta ne.

A filin kuwa kar ka manne a kujera. Kafin kowane tsere ka je inda ake zagayawa da dawakin, ka dubi wanda gumi ya jiƙa wuyansa tun ba a fara ba da wanda ke tafe a natse kunnuwa a tsaye. Daga nan ka ruga bakin shinge kusa da layin ƙarshe. Tseren mil ɗaya a Rowley Mile ba kwana, miƙe yake sambal kuma ba tsallake shinge, amma dab da ƙarshe akwai gangara da suke kira Dip sannan hawa, nan ake gane doki mai zuciya, wani sai ka ga ya rikice a gangarar kawai an wuce shi. A wannan filin ne Frankel, dokin Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, ya yi wa sauran fintinkau a 2011, tun daga farko yake gaba har ƙarshe.

Za ka ga masu caca da allunansu suna ta kiran farashi, ka wuce abinka ba wanda zai tilasta ka. In lokaci ya rage ka shiga gidan tarihin sukuwa da ke Palace House a tsakiyar gari, amma ido na kan agogo saboda jirgin komawa.