Darasi na 7: Yanke Sauti da Bidiyo da FFmpeg

A darasin baya mun koyi buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, da shiga folda. Yau za mu sa shi aiki.

A ce an naɗi tafsirin azumi a wani masallaci a Tudun Wada, awa ɗaya da rabi. Abin da kuke so ku tura wa 'yar'uwarku a Samaru shi ne amsar malam kan zakkar fidda kai, wadda ba ta kai minti takwas ba. Tura duka asarar data ce, kuma da wuya ta zauna ta nemo wurin da kanta.

Manhajar da za ta raba mana gardama sunanta FFmpeg. Kyauta ce. Wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara ta a shekarar 2000. Tana aiki a Windows da Linux da Mac, har a wayar Android ta cikin manhajar Termux. Ba ta da maɓallan dannawa, sai dai a rubuta mata abin da ake so.

Ku fara da biro da takarda. Ku saurari karatun, ku rubuta lokacin da maganar ta fara da lokacin da ta ƙare. Ana jera awa, minti, daƙiƙa, da ɗigo biyu a tsakani: 00:25:00 na nufin minti 25 daidai. Sannan ku rubuta wannan a layi ɗaya, ku danna Enter:

ffmpeg -ss 00:25:00 -to 00:32:30 -i tafsiri.mp3 -c copy zakka.mp3

-ss shi ne mafari, -to shi ne maƙura. Bayan -i sai sunan fayil ɗin asali. Na ƙarshe, zakka.mp3, sunan sabon yanki ne, ku kuke raɗa shi. Kada ku ba shi sunan na asali. Shi na asalin yana nan yadda yake, don haka kada tsoron ɓata shi ya hana ku gwadawa.

Wurin da ya kamata mu daɗe shi ne -c copy. Yana gaya wa manhajar ta kwafo yankin yadda yake, kada ta sake sarrafa shi. Shi ya sa kafin ƙiftawar ido ta gama, kuma murya ba ta dusashewa ko kaɗan. A sauti wannan ya wadatar. A bidiyo kuwa da sauran magana. Ba kowane hoto ake ajiyewa cikakke a cikin bidiyo ba. Jefi-jefi ake ajiye cikakke, na tsakani canjin da aka samu kawai suke riƙewa. Mai kwafa dole ya tashi daga cikakken hoto, kamar yadda tela ke bin zaren yadi in zai tsaga. Saboda haka idan kun yanki bidiyon hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Zazzau, za ku iya ganin ya fara 'yan daƙiƙu kafin inda kuka nema. In hakan ya dame ku, ku cire -c copy:

ffmpeg -ss 00:03:10 -to 00:04:00 -i hawa.mp4 dawaki.mp4

Zai ɗauki lokaci, musamman a tsohuwar kwamfuta, amma yankan zai faɗa daidai. In murya kaɗai kuke so daga bidiyon, ku ƙara -vn kafin sabon suna, sunan kuma ya ƙare da .mp3.

Ina roƙonku abu guda, domin ya fi umarnin nauyi a wurina. Idan malam ya ce abu ya halatta, sannan ya kawo sharaɗi, kada ku yanke kafin sharaɗin. Ku bar tambayar, ku bar amsar har ƙarshenta, ko da yankin zai ƙara minti biyu. An sha ɗora wa mutane abin da ba su faɗa ba ta irin wannan yanka.

Idan manhajar ta ce ba ta ga fayil ba, ku duba sunan harafi-harafi. Sunan da ke da fili a tsakiya sai an sa shi cikin alamar zance, kamar "tafsiri na uku.mp3".

Aikin gida: ku naɗi muryarku kuna ƙirga ɗaya zuwa talatin a hankali. Ku yanko daga goma zuwa ashirin, ku kawo yankin aji tare da takardar da kuka rubuta lokutan.