Kurakuran da aka fi yi wajen ajiye ƙananan na'urorin kicin a cikin kabad

Kabad na ɓoye tarkace, kicin ya yi tsaf, shi ya sa mutane da yawa ke tura tosta, butar lantarki da blanda ciki, har ma su sa a ja musu soket a can. Ajiyar ba ta da laifi. Matsala tana farawa ne ranar da aka kunna na'ura alhali tana cikin akwatin katako da zafi ba shi da mafita.

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma tosta ta fi kowace na'ura haɗari a nan. Wayoyin cikinta sai sun yi jawur kafin su gasa burodi, zafin kuma sama yake fita kai tsaye. In akwai kanta a samanta, kullum ƙasan kantar ne ke shan gashi, har fentin ya sauya launi, katakon ya bushe ƙayau. Ranar da burodi ya maƙale ya kama wuta, harshen wutar zai tarar da makamashi a shirye. Na'urar suya da iska kuwa cikinta na kai wa digiri 200 a ma'aunin Celsius, kuma ta baya take huro iskar. Masu ƙera ta galibi suna neman a bar mata santimita 10 zuwa 13 ta baya da gefe da sama. Gyaran shi ne a fito da na'urar fili duk lokacin da za a kunna ta. Wanda ɗagawa ke ba shi wahala sai ya sa kafinta ya yi masa kanta mai jawowa, wadda ke fitowa gaba ɗaya har na'urar ta wuce bakin kabad. Buɗe ƙyaure kaɗai bai wadatar ba, domin rufin yana nan a kanta.

Maikirowef iri biyu ce, kuma ana yawan kasa bambanta su. Akwai wadda aka ƙera don a kafa ta cikin kabad, tana fitar da iska ta gaba. Ta kan tebur kuwa ƙofofin iskarta suna gefe, baya ko sama. In aka cusa ta a rami matsattse, iska mai zafi ce za ta riƙa komawa cikinta, sai ka ga tana ɗaukewa ana tsakar ɗumama abinci. Wannan alama ce cewa na'urar kariyar zafi ta yanke wuta, kada a raina ta. A duba littafin da ya zo da ita, a auna tazarar da ya faɗa da tef, musamman ta sama.

Tururi ba ya tayar da hankali kamar wuta, amma shi ya fi cin kabad. Buta, tukunyar lantarki ta shinkafa da injin kofi duk suna feso shi sama. Yawancin kabad na zamani da garin katako aka yi su, aka matse shi da gam, aka lulluɓe da siririyar fata. Tururi yana sassauta gam ɗin bakin fatar, ruwa ya shiga, katakon ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Ku shafa ƙasan kantar bayan an tafasa ruwa: in hannu ya jiƙe, ɓarna ta riga ta fara. A jawo butar waje, a juya bakinta nesa da katako.

Sai lissafin wuta, wanda kusan ba mai yi. Soket ɗin ƙari mai amfiya 13 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ce) a layin volt 230 ba ya ɗaukar fiye da wat 3,000 gaba ɗaya, komai yawan ramukansa. Buta mai wat 2,200 da tosta mai wat 1,000 sun kai 3,200, sun riga sun zarce. A layin volt 120 mai amfiya 15, iyakar wat 1,800 ce. Adadin wat yana rubuce a ƙarƙashin kowace na'ura. Abin da ke ƙara muni a kabad shi ne ba a ganin soket ɗin, ba wanda zai lura filogi ya yi baƙi ko robar ta fara narkewa. Kowace na'ura mai zafi ta samu soket na bango, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. In dole ne a sa soket cikin kabad, ƙwararren ma'aikacin wuta ya sa shi, da makunnin da ke yanke wuta da zarar an rufe ƙyaure.

Kada a bar na'ura a jone bayan an gama. Kwano na iya zamewa ya danna hannun tosta, ta kama aiki a bayan rufaffen ƙyaure. Kada kuma waya ta bi ta tsakanin ƙyaure da jikin kabad, matsewar yau da gobe tana yanke robar har tagulla ta fito. A naɗe ta sako-sako, kuma ba a jikin na'ura mai zafi ba.

Gaggawar mayarwa ma kuskure ce. A jira har sai an iya ɗora tafin hannu a jikin na'urar ba tare da jin zafi ba. A zare farantin ƙasan tosta a zubar da ɓarɓashi, don yana kama wuta, yana kuma kiran kyankyaso. Kofin blanda da buta su bushe sarai, a ajiye su murfi a ɗage, in ba haka ba warin hunhuna zai cika kabad.

Mai nauyi, irin babban injin kwaɓa fulawa da kan kai kilo 10, ƙasa ya kamata ya zauna, kada ya wuce tsayin ƙugu.

In hayaƙi ya taso daga na'ura, a cire filogi idan hannu zai kai lafiya, ko a kashe wutar daga babban makunni. Ba a zuba ruwa kan abin da ke jone da wuta ko kan mai da ya kama. In cikin maikirowef ne, a bar ƙofarta a rufe har wutar ta mutu, kuma kada a sake kunna ta sai mai gyara ya duba.