Yadda Nake Sa Furanni Karɓa-karɓa Shekara Guda Cur

Shekarar da na fara shuka furanni, duk irin da ya zo hannuna na watsa shi rana ɗaya da saukar ruwan fari. Wata biyu tsakar gidana kamar an shimfiɗa darduma. Ruwa na ɗaukewa komai ya ƙone, na zauna da tukwane cike da ƙasa har damina ta zagayo. Tun daga nan na daina neman furen da zai riƙe shekara shi kaɗai. Jera su nake yi, wannan na sauka wancan na hawa.

Ka fara da takarda kafin ka taɓa ƙasa. Rubuta watanni 12 a jere, duk furen da ka ga ya buɗe, a gidan maƙwabci ne ko a bakin hanya, ka sa shi gaban watansa. Watannin da suka rage fayau, su za ka nema wa shuka.

A wurina rani ne ya fito fayau, kuma tsirran da ƙasar ta saba da su ne suka rufa mini asiri. Babbarsu ƙarya, mai kumburarren gindin nan da take ajiye ruwa a ciki. Sai ta kakkaɓe ganyenta tsaf, ta zama kamar busasshen icce, sannan jan fure mai fari a tsakiya ya ɓarke a kan rassan. Ta farko da na samu tausayi ne ya kashe ta. Kullum ina ba ta ruwa, ran nan na danna gindin da yatsa ya lotsa, ashe ta ruɓe daga ciki. Yanzu tukunya mai huji nake sa ta, ƙasar rabi yashi, ba na ƙara ruwa sai ta bushe ƙayau. In za ka yanke reshenta ka kiyayi ruwan da ke fita, dafi ne, ka kuma ɗaga tukunyar inda yara da awaki ba sa kaiwa. Mai fili ya ƙara da itacen minjirya ko na gurjiya, su ma jan furensu a rani yake fitowa, lokacin da ba ganye a jikinsu.

Bugenbiliya, mai furen nan kamar takarda, halinsu ɗaya da ƙarya: shagwaɓa ba ta karɓe ta ba. Ka cika mata ruwa da taki, ganye za ta yi ta yi. Ka bar ta ta ɗan ji ƙishi a cikin rana, sai ta rufe katanga. Abin da muke kira furenta ma ganye ne mai launi. Ainihin furen ɗan fari ne ƙarami a tsakiya.

Damina ba ta da wuya, dabarar kawai kada ka shuka komai lokaci ɗaya. Ziniya takan yi fure cikin kamar wata biyu daga shuka, marigol ma kusan haka. Nakan raba irin gida uku, in bar mako uku tsakanin kowace shuka, na ƙarshen ya kai ni har kaka. Duk furen da ya yi yaushi ka tsinke shi, don da zarar shuka ta fara ɗaure iri sai ta rage fure. Kai biyu ko uku kawai nake bari su bushe, irin baɗi ke nan.

Tsakanin waɗannan akwai masu toshe giɓi. Binka, wadda asalinta Madagaska ne, in dai akwai ɗumi da ɗan ruwa ba ta hutawa. Ba ta da wani ƙayatarwa a idona, amma ita nake samu duk ranar da sauran suka yi shiru. Lalle kuwa don ƙamshin furensa na ajiye shi kusa da taga.

Yawancinsu suna son rana ta awa shida zuwa sama, don haka ka lura da inda inuwar katanga take faɗuwa kafin ka jera tukwane. A rani nakan ba da ruwa da sassafe, a gindi, in rufe ƙasar da busasshen ganye don kada laimar ta tsere kafin azahar.