Yadda Ake Buga Wasan Minesweeper da Lissafi

Matasa da yawa a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra sun taɓa ganin Minesweeper, wasan gano nakiyoyin da aka ɓoye a cikin ƙananan gidaje a kan allo, a tsofaffin kwamfutocin shagunan intanet, sun danna gida biyu ko uku, nakiya ta tashi, suka rufe shi a kan cewa wasan sa'a ne. Alhali kuwa wasan lissafi ne, wanda kamfanin Microsoft ya saka cikin Windows 3.1 a shekarar 1992, kuma har yanzu ana samunsa a waya.

Da farko ka zaɓi matakin masu koyo, mai gida tara a tsaye da tara a kwance, inda aka ɓoye nakiyoyi 10. Kada ka yi gaggawar zuwa babban mataki mai nakiyoyi 99. Danna ko'ina da maɓallin hagu na linzamin kwamfuta, domin dannawar farko ba ta faɗawa kan nakiya.

Lambar da ta bayyana tana gaya maka yawan nakiyoyin da ke cikin gidaje takwas da ke kewaye da ita, har da na kusurwa, waɗanda masu koyo suka fi mantawa da su. Idan ka ga 1 kuma gida ɗaya kaɗai ya rage a rufe kusa da ita, to nakiya tana nan, sai ka kafa mata tuta da maɓallin dama. Daga nan ka duba sauran lambobin da suka taɓa wannan tuta: duk wata 1 da ke maƙwabtaka da ita ta riga ta sami nakiyarta, saboda haka ragowar gidajen da ke kewaye da ita lafiyayyu ne, ka buɗe su ba tare da fargaba ba.

A ganina, wanda ya fahimci jerin 1-2-1 ya kama hanyar wasan. Idan lambobin nan suka jeru a gefen layin gidajen da ke rufe, 2 tana buƙatar nakiyoyi biyu daga cikin gidaje uku da ke gabanta, amma biyun ba za su zauna dab da juna ba, domin hakan zai sa ɗaya daga cikin 1 ɗin ta taɓa nakiya biyu. Don haka nakiyoyin suna gaban kowace 1, gidan tsakiya kuwa babu komai. A jerin 1-2-2-1 kuma, suna gaban 2 ɗin nan guda biyu.

Idan ka maƙale a wuri ɗaya, ka bar shi ka koma wani ɓangare, sau da yawa amsar daga can take fitowa. Kusa da ƙarshe ka duba ma'aunin da ke sama, wanda ke nuna nakiyoyin da ba a kafa musu tuta ba, domin yakan raba gardama tsakanin gidajen da suka rage. Wani lokaci kuwa gida biyu ne za su rage babu lambar da za ta bambanta su, a nan kaɗai ya halatta ka yi canke.