Darasi na Bakwai: Rage Ƙiba Ba Sai da Yunwa Ba

A garuruwanmu, idan namiji ya ajiye tumbi sai a ce daula ta samu. Mace ta yi jiki, a ce maigida yana kula da ita. Ma'aikatan asibiti kuwa abin da ke biyo baya suke gani: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa, da haki bayan 'yar gajeruwar tafiya. Kitsen da ya taru a ciki ya fi na cinya haɗari.

Gwajin igiya

Ba sai kuna da sikeli ba. Ku samo igiya, ku auna tsayinku da ita tun daga tafin ƙafa har tsakar ka, ku yanke. Ku ninka ta biyu, sannan ku zagaya cikinku da ita, sama da cibiya kaɗan. Idan bakinta biyu sun haɗu, madalla. Idan sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, domin bai kamata faɗin zagayen ciki ya wuce rabin tsayin mutum ba.

A fara da abin sha

Da yawa sukan ce, "Ni fa ba na cin abinci da yawa." Wataƙila gaskiya ne. Amma me kuke sha? Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ma ya tsaya a 6 ya fi. To ku lissafa: shayi da madara da safe a teburin mai shayi, zoɓo da rana, fura da nono da aka zuba wa sukari da yamma. Ba a kai ga tuwon dare ba an riga an zarce. Kuma abin sha ba ya ƙosarwa, yunwa tana nan inda take.

Kada ku daina dare ɗaya, ba za ku jure ba. Mai zuba cokali huɗu ya koma uku a wannan mako, biyu a mako mai zuwa. Harshe yana sabawa. Zoɓo da citta da kanumfari yana da daɗinsa ko da sukari kaɗan ne.

Kwanon abinci

Bayan sukari, man girki shi ne na biyu. Ƙarfin da ke cikin mai ya ninka na hatsi fiye da sau biyu, ko man gyaɗa ne ko manja. Uwargida ta riƙa auna shi da cokali maimakon ta tuntsura kwalba cikin tukunya. Ƙosai da fanke da soyayyen dankali su zama na jefi-jefi. Alala da dafaffen wake suna maye gurbinsu. A watan azumi ma haka, don nan ne soye-soye suke cika faranti a buɗa-baki.

Tuwo ba abokin gaba ba ne, yawansa ne matsala. Mai cin malmala uku ya koma biyu, ya cike gurbin da ganye: kwaɗon zogale ko na rama, alayyafo, kabeji, miyar kuɓewa. Su ne masu araha a kasuwa, abin mamaki kuma su muka fi rainawa. A rage gishiri da dunƙulen magi saboda hawan jini. Gishirin yini duka kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Motsa jiki

Ana so babba ya samu aƙalla minti 150 a mako. Minti 30 ke nan a kwanaki biyar. Tafiya da sauri ta isa, irin wadda za ku ji numfashi ya ƙaru amma kuna iya magana. Ku taka zuwa masallaci ko kasuwa maimakon hawa babur. Matar da ba ta fita tana da tsakar gida: ta zagaya minti goma bayan asuba, goma bayan la'asar, goma bayan isha'i. Daka da shara da jan ruwa a rijiya duk suna cikin lissafi.

Shayin rage tumbi

Akwai masu tallar shayi ko ƙwaya, wai mako guda tumbi ya zube. Yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa. Ruwan jiki ne yake fita, kitse yana nan, wasu kuma suna taɓa ƙoda da hanta. Horon yunwa ma bai da amfani, don ranar da aka gaji sai a rama ci, ƙibar ta dawo. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar. Mai kilo 100 da ya sauke 5 zuwa 10, jininsa da sugansa sukan nuna sauƙi.

Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shan maganin suga ko na hawan jini, su fara zuwa asibiti kafin su canza cimarsu. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, ya je a duba shi, domin tarin fuka da ciwon suga suna jawo haka.

Aikin gida

Ku yi gwajin igiya yau. Ku ja layi bakwai a littafinku, ɗaya don kowace rana. A kowane layi ku rubuta cokalin sukarin da kuka sha da mintunan da kuka yi tafiya. Ku zo da littafin aji mako mai zuwa, za mu haɗa lissafin a kan allo.